Farautar mus a ƙasashen ƙanƙara: wace bindiga, wane harsashi?

Wannan karo za mu yi nisa da gida. Za mu leƙa arewacin duniya, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni da dama: Kanada, Alaska ta ƙasar Amurka, Suwidin, Norwe da Finlan. A dazuzzukansu akwai wata babbar dabba da ake kira mus. Masu jin faransanci na Kanada suna ce mata orinyal.

Mus ba gwanki ba ce, ba kuwa raƙumi ba ce, amma wanda ya hango ta zai tuna da su duka biyu. Ƙafafunta dogaye ne, leɓenta ya rataya, tana da ɗan tozo a kafaɗa. Namiji kaɗai ke da ƙahoni, masu faɗi kamar faifai mai yatsu. Suna faɗuwa kowace shekara lokacin sanyi, sababbi su tsiro. Babban namijin Alaska yana kai kilo 550 zuwa 700, wato nauyin manyan buhunan gero shida ko bakwai. Tsokar namansa kaɗai takan wuce kilo 200.

Saboda naman nan ne mutanen can ke farautarta. A Suwidin ana buɗe farauta cikin Satumba a arewacin ƙasar, cikin Oktoba a kudu. A shekarar 1982 maharban ƙasar sun kashe fiye da 170,000, daga baya adadin ya ragu ƙwarai. Hukuma ce ke ƙayyade yawan da za a harba a kowane yanki. Maharba na fita ƙungiya-ƙungiya da karnukansu, su raba nama, kowa ya kai gida ya ajiye na shekara.

To, dabba mai wannan girma ba a tarar ta da kowace bindiga. Bindigar da ke watsa ƙananan ƙwayoyi, irin ta harbin zabi da zomo, ba ta da aiki a nan. Rauni kawai za ta yi mata, ta gudu cikin kurmi, ta mutu a wahale bayan kwanaki, nama ya ruɓe ba wanda ya ci. Ana amfani da bindiga mai fitar da ƙwaya ɗaya tak. A cikin bututunta an sassaƙa layuka masu murɗewa, su ke sa ƙwayar ta riƙa juyawa tana tafiya, ta miƙe ba kauce-kauce.

Dokar Suwidin ta faɗi mafi ƙarancin nauyin ƙwaya da ƙarfin da za ta kasance da shi bayan tafiyar mita 100. In ta dalma ce, kada ta gaza giram 9. Ku duba abin mamaki: irinta guda 100 ba su cika kilo ɗaya ba, amma guda ɗaya ke kayar da dabbar da ta fi sa girma. Gudunta ne ke wannan aiki.

Lambobin da ke jikin kwali

Kowane harsashi na da lambarsa, kuma kowace bindiga da irin nata. Wanda ya iya karanta lambar ba ya sa wa bindigarsa abin da zai fasa ta. Ga misali 6.5x55. Lamba ta farko faɗin bakin bindiga ce a milimita, ta biyu tsawon kwanson da ke riƙe albarushi. Sojojin Suwidin da Norwe suka fara aiki da shi a 1894. Ƙarami ne, amma ƙwayarsa doguwa ce siririya, tana nitsewa cikin jiki sosai. Ya ciyar da gidaje masu yawa a can.

A Amurka da Kanada an fi sanin .30-06, wanda sojojin Amurka suka ɗauka a 1906, shi ya sa 06 ke ƙarshen sunansa. Ƙanensa .308 Winchester ya fito a 1952. Maharba kan sa musu ƙwaya mai giram 11 zuwa 12. Akwai kuma 9.3x62, wanda wani maƙerin bindiga na Balin mai suna Otto Bock ya ƙirƙiro a 1905, domin Jamusawan da suka zauna Afirka lokacin mulkin mallaka. An yi shi don manyan namun dajinmu, ga shi ya ƙare a dazuzzukan ƙanƙara. A Alaska, inda maharbi kan yi karo da manyan dabbobi masu kai hari, wasu sun fi son .338 Winchester Magnum, na shekarar 1958.

Wanne ya fi? A ganinmu masu sayen mafi girma don alfahari suna cutar kansu. Bindiga na shuri kamar jaki. Gwargwadon yawan albarushi, gwargwadon yadda gindinta ke dukan kafaɗa. Wanda ta taɓa bugewa yakan runtse ido ya fizgi kunama tun bai daidaita ba, sai harbi ya tafi wani wuri. Matsakaicin harsashi da ya shiga huhu da zuciya, a bayan ƙafar gaba, ya fi ƙato da ya sami tumbi.

Mutanen Norwe sun san haka. Duk mai son harbin manyan dabbobi sai ya ci jarrabawa kowace shekara. Zai yi harbin gwaji sau 30. Sannan ya yi harbi 5 daga nisan mita 100, kuma dukkansu su faɗa cikin da'ira mai faɗin santimita 30. A Suwidin kuwa, dole maharba su iya kawo karen bin sawu cikin awa 2 in dabba ta gudu da rauni.

Ƙwayar kanta ita ce babbar magana

Ƙwayar soja a rufe take da ƙarfe tun daga kai har gindi. Takan huda ta wuce, ta bar ƙaramin rami, don haka an hana harbin mus da ita. Ta farauta tana da kai mai taushi. Da ta shiga jiki sai kan ya baje kamar laima, ramin ya faɗaɗa, dabba ta faɗi da wuri. Sai dai in ta cika taushi, takan tarwatse a kan ƙashin kafaɗa tun ba ta isa huhu ba. Shi ya sa ake neman wadda ke buɗewa amma ba ta wargajewa.

A nan ne zancen ya shafi lafiya. Yawancin ƙwayoyin nan cikinsu dalma ce. Da ƙwaya ta bugi nama da ƙashi, sai ta bar ɓarɓashi masu yawa kewaye da hanyar da ta bi. Wasu ido ba ya ganinsu, haƙori ba ya jinsu. Dafuwa ba ta kashe dalma, don ba ƙwayar cuta ba ce, guba ce. Takan taru a jiki sannu a hankali, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa kaifin fahimta. Ƙananan yara da mata masu ciki su ne suka fi shiga haɗari. Mu nan ba baƙin wannan guba ba ne. A 2010, a Zamfara, ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara kusan 400. Abin da ke cikin naman farauta bai kai wannan ba ko kusa, amma dalmar ɗaya ce.

Hukumar kula da abinci ta Suwidin ta ba maharba shawara su yanke duk naman da harsashi ya ɓata, su ƙara da santimita 10 kewaye da shi, su zubar. Wasu wurare sun wuce nan. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma tun 2019, ƙasar Danmak kuma ta hana shi a bindigogin manyan dabbobi a 2024. Madadinsa shi ne ƙwayar jan ƙarfe zalla. Ba ta kai dalma nauyi ba, amma tana buɗewa, tana shiga da zurfi, kuma ɓarɓashinta kaɗan ne.

Mus ba ta yawo a Gadabeji ko dajin Gaya. Amma ƙananan ƙwayoyin da ake harbin zabi da zomo da su a karkararmu, su ma yawanci dalma ne. In maharbi ya kawo nama gida, a tsince ƙwayoyin tun kafin a ɗora tukunya, a yanke wurin da ya yi baƙi da jini a yar. Kason yara da mai ciki kuwa a ɗebo shi daga gefen da harbi bai taɓa ba.