MAGANIN FARFAƊIYA DA RAMA

A ƙasar Hausa rama ba ƙaramin abin tsoro ba ce. Da an ga mutum ya fara zubewa, riga ta yi masa yawa, sai dangi su shiga zulumi, wani ya ce sammu ne, wani ya ce iska ce. To, akwai wata rama wadda ba ruwanta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ita ce wadda waɗansu magungunan farfaɗiya su kan jawo.

Farfaɗiya cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta cin abinci tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ita sun kai kimanin miliyan 50, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari za su daina faɗuwa in sun sami magani yadda ya kamata. Tsohon maganinta, watau Phenobarbital, tun 1912 aka fara aiki da shi a Jamus. Sababbi sun biyo baya, kowanne da halinsa. Sodium Valproate ya kan sa ƙiba, amma Topiramate da Zonisamide rama su kan sa.

Shi Topiramate a 1996 hukumar Amurka ta yarda a riƙa ba masu farfaɗiya. Ya kan rage sha'awar abinci, ya sāke ɗanɗanon baki, har lemon kwalba ya zama salam. Mutum ya ci loma kaɗan ya ture kwano, bayan 'yan watanni sai a ga ya faɗa. Saboda wannan hali nasa ne ma a 2012 Amurka ta yarda a gama shi da wani magani domin masu ƙiba ainun.

Abin da ya sa zancen ya shafi mutanen Fagge da Sabon Gari shi ne saukin samun magani. Shekara da shekaru kasuwar Sabon Gari ce matattarar masu sarin magunguna, har 2024 da hukuma ta rufe shaguna masu yawa, ta umarci masu sari su koma Dangwauro, a kan hanyar Zariya. Wanda ya saba sayen ƙwaya ba takardar likita kuwa, ya kan ɗauka yana da ikon farawa da dainawa yadda ya ga dama.

Nan haɗari yake, kuma iri biyu ne. Na fari, mai farfaɗiya ya ga yana ramewa, ya ajiye magani farat ɗaya. Faɗuwa ta kan dawo da ƙarfi, watakila kusa da murhu, ko rijiya, ko tsakiyar titi. Garin neman ƙiba ke nan ya samo abin da ya fi rama. Na biyu, mai lafiya ya saya domin ya rage jiki. Maganin ya kan jawo tsakuwa a ƙoda, ya rage gumi, abin da ke da haɗari ga yara da bazara. Mai ciki in ta sha, ana iya haihuwar jariri da tsagaggen leɓe.

Saboda haka, malaman makaranta da akawuna, ku da jama'a ke jin maganarku, ga abin yi. In yaro yana shan irin wannan magani, a ɗora shi bisa sikeli kowane wata, a rubuta nauyinsa, a riƙa ba shi ruwa da yawa. In rama ta ci gaba, a kai rubutun ga likita, ko a Asibitin Murtala ko a Asibitin Malam Aminu Kano. Shi ne zai rage maganin sannu a hankali, ko ya musanya shi da wani. Kada dai kowa ya tsai da shi da kansa.