Bangon Littafi Abin Nazari Ne: Zanen Dodanni da Aljanu a Littattafan Hausa na Kasuwa

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi tsokaci ne a kan wani ɓangare na adabi da manazarta ba su cika kulawa da shi ba, wato bangon littafi, musamman na labaran ban tsoro da na yaƙe-yaƙe. Sau da yawa ɗalibi kan ɗauki irin wannan littafi, ya ga dodo mai jajayen idanu, haƙoransa sun fi bakinsa girma, sai ya yi dariya ya ajiye. Dariyar ba laifi ba ce. Abin da ake so ɗalibi ya gane shi ne, zanen da ya ba shi dariya shaida ce a kan yadda aka buga littafin, da wanda aka buga dominsa, da kuma yadda Bahaushen wannan lokaci yake suranta abin tsoro.

2.0 Tushen Al'amarin

Aljanu da dodanni ba baƙi ba ne a ƙagaggun labaran Hausa. Tun a Ganɗoki na Bello Kagara (1934) da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa (1951) ake cin karo da abubuwan al'ajabi. Amma waɗannan hukuma ce ta buga su, kuma makarantu ne kasuwarsu, saboda haka bangonsu bai buƙaci ya yi wa kowa kururuwa ba.

Lamarin ya sauya a shekarun 1980, lokacin da aka sami abin da wasu masana suka kira Adabin Kasuwar Kano. A nan marubuci ne ke biyan kuɗin bugu, ya raba labari kashi biyu ko uku, ya kai wa 'yan kasuwa. Littattafan soyayya ne suka fi yawa, amma an sami masu bin wata hanya, irin su Nazir Adam Salih da ya yi fice a labaran ban tsoro, da Abdul'aziz Sani Madakin Gini a labaran jarumai da matsafa. Littafin da ba shi da talla a rediyo ko jarida, bangonsa ne kaɗai mai yi masa dillanci.

3.0 Siffofin Zanen

Siffa ta farko ita ce zuzutawa. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska, don haka mai zane kan cusa duk abin firgitar da ke cikin littafi a shafi guda: maciji, ƙoƙon kai, takobi mai ɗigar jini, da budurwa tana kuka.

Ta biyu ita ce matsalar launi. A injin bugu kowane launi da nasa faranti, kuma kowane faranti kuɗi ne. Mai ƙaramin jari kan tsaya a launi biyu. Idan farantan ba su daidaita ba, sai jan da aka nufa da leɓen dodo ya sauka a haɓarsa. Ke nan wani abin da ake ɗora wa mai zane, laifin aljihu ne.

Ta uku ita ce aro. Dodon tatsuniya ba shi da tsayayyar kama, kowane yaro da irin wanda yake gani a zuciyarsa in gwaggo tana ba da labari. Da aka zo zana shi, sai aka ranto masa ƙaho da fikafikan jemage daga finafinan ƙetare, aka kuma yafa wa jarumin Hausa sulken da bai san Daura ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 kwamfuta ta shigo, aka koma yanko hotuna ana haɗawa, har kai da gangar jiki su kasa zama na mutum ɗaya.

4.0 Misalin Garwa

Darajar bango ta fi fitowa fili idan littafi ya tsallaka iyaka. Garwa, babban birnin Lardin Arewa a Kamaru, tana bakin kogin Binuwai, kuma tana da tsohuwar hulɗar ciniki da Yola. Fulatanci ne harshen kasuwa a yankin, karatun boko kuma galibi da Faransanci ake yin sa, amma akwai Hausawa mazauna da fatake masu kai da komo. Matashin da ya tashi a nan yana jin Hausa a gida, sai dai ba lallai ne an koya masa ƙa'idar rubutunta a aji ba. Idan littafin Kano ya faɗo hannunsa, kafin ya gama haɗa baƙaƙen suna, hoton ya riga ya faɗa masa ko soyayya ce ko tashin hankali. Ashe zanen da malami ke rainawa yana iya zama ƙofar da wani ya bi ya fara karatun Hausa.

5.0 Darasi Daga Wasu Wurare

A Amurka an daɗe ana yi wa bangon littattafan ban tsoro na shekarun 1970 da 1980 ba'a, har Grady Hendrix ya fitar da Paperbacks from Hell a 2017, ya nuna cewa tarihi ne mai zaman kansa. A Gana ma, hotunan tallar finafinai da aka zana da hannu a kan buhunan fulawa sun kai ga shiga gidajen baje kolin zane. A ɓangaren Hausa, Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun wallafa jerin sunayen littattafan 1987 zuwa 2002 a shekarar 2004, wanda tushe ne mai kyau ga mai son fara wannan aiki.

6.0 Kammalawa

Bango shi ne farkon abin da ke yagewa, musamman littafin da ya zaga hannu goma a shagon haya. Yanzu kuma da marubuta da yawa suka koma WhatsApp da Wattpad, ba a sake buga akasarin tsofaffin. Don haka ana shawartar ɗalibai, na Kano da Zariya da na Garwa da Marwa, su tattara abin da ya rage, su ɗauki hotonsa, su rubuta sunan marubuci da maɗaba'a da mai zane idan ya sa hannu. Bayan haka a karanta labarin, a auna abin da bango ya yi alkawari da abin da littafi ya cika.