Kada Girman Fuska Ya Ruɗe Ku: Sayen Kwamfuta Domin Ɗalibi

Bara, bayan an cire albasa, wani magidanci daga wajen Goronyo ya zo wurinmu tare da ɗansa. Yaron ya sami shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Uban ya sayar da amfanin da ya noma da ruwan madatsa, ya saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka. Ya ce ya zaɓi wadda fuskarta ta fi girma a kantin, gama yana so idon yaron ya huta. Amma da muka kunna ta, sai muka ga gefen haruffa da kaushi, rabin jadawalin lissafi kuwa ya ɓuya. Kuɗi sun riga sun tafi, mai kanti kuma ya ce ciniki ya faɗa.

Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka a kan kwamfuta, iyaye daga Wurno, da Rabah, da Goronyo sukan yi mana tambaya a kan wannan na'ura. Yawancin gidajenmu sau ɗaya kaɗai za su iya sayenta, kuma dole ta kai yaro ƙarshen karatu. Saboda haka bari mu duba zancen fuskarta da kyau.

Girma dabam, laushi dabam

Ku ɗauki zane biyu masu tsawo ɗaya, gwado da shadda. Zaren gwado kauri gare shi, ana iya ƙidaya shi da ido. Na shadda kuwa siriri ne, ya haɗu sosai. Haka fuskar kwamfuta take. An saƙa ta da ƙananan ɗigo na haske, waɗanda ake kira fiksel. Girman fuska da inci ake auna shi, daga kusurwa zuwa kusurwa, kamar inci 14 ko 15.6. Yawan ɗigo kuwa da lamba biyu ake faɗinsa, watau na kwance da na tsaye.

Iri uku za ku fi tararwa a kasuwa. Na fari 1366 sau 768, ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai ke nan. Na biyu 1920 sau 1080, wanda 'yan kasuwa ke ce wa FHD, ɗigonsa ya ɗan haura miliyan biyu. Na uku 3840 sau 2160, ana kiransa 4K, ya wuce miliyan takwas. Ta yaron nan inci 15.6 ce, amma 1366 sau 768. Babban zane ne da zare mai kauri. Ku lura, idan mai kanti ya ce muku HD kawai, yawanci na farin nan yake nufi.

Wanne ya dace da ɗalibi?

A ganinmu na biyu ya fi. Ɗalibi yakan buɗe littafi a hagu, yana rubuta aikinsa a dama. A fuska mai 1920 sau 1080 duka biyu suna zama ba matsi. Mai koyon lissafin kuɗi, ko zanen gini, ko ɗalibin kwalejin aikin gona ta Wurno mai cika jadawalin taki da iri, zai ga layuka da yawa a duba ɗaya.

Akwai abu guda da ya kamata yaro ya sani. Idan ɗigo sun yi yawa, rubutu yakan ƙanƙance, sai Windows ta ƙara masa girma. In an sa ƙarin a kan 125 bisa ɗari, rubutu ya karantu, fili kuma ya ragu kaɗan. In an kai 150, fili ya koma kusan na 1366 sau 768, sai dai haruffa sun fi sumul. Kowa ya gwada wanda ya yi wa idonsa daidai.

To, 4K fa? Kyakkyawa ce ƙwarai, amma ba ta ɗan makarantarmu ba ce. Tana da tsada, tana kuma shan batir, domin ɗigonta sun riɓa na FHD sau huɗu. Yaron da zai koma ƙauye hutu, inda sai an kai caji shago ko a jira hasken rana, batir mai jimrewa ya fi masa amfani.

Idan kuɗi sun kasa

Ba mu ce 1366 sau 768 ba ta da amfani ba. Ga mai buga rubutu da karatu kaɗai tana yi, musamman a inci 14 ko ƙasa da haka. Idan za a zaɓa tsakanin fuska mai laushi da na'ura mai sauri, ku fara neman RAM mai gigabait 8 da ma'aji irin na SSD. Ku tambaya kuma ko tana ɗaukar Windows 11, gama kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba tun ran 14 ga Oktoba, 2025. Tsofaffin na hannu da yawa ba su cika sharaɗin sabuwar ba. Araha ba ta ado.

Kafin ku miƙa kuɗi

Kada a yi cinikin biri a sama. A kunna na'urar a gabanku. A shiga Settings, a nemi Display, lambobin nan biyu suna nan a rubuce. A buɗe farin shafi, sa'an nan baƙi, a duba ko akwai tabo ko zane. A karkata fuskar, a dube ta daga gefe. In launi ya dushe nan da nan, mai arahar ce. Wadda ake kira IPS takan riƙe launinta. A fito da ita bakin ƙofa kuma. Ranar ƙasar Sakkwato tana da ƙarfi, fuska mai walƙiya kamar madubi takan hana gani, marar ƙyalli ta fi.

Bayan an saya, a yi mata jaka saboda ƙurar hunturu, a riƙa goge ta da ƙyalle mai laushi. Yaro kuma ya saba, bayan kowane minti 20 ya ɗaga kai ya dubi nesa kaɗan, idonsa ya huta.

Yaron Goronyo yana nan yana fama da tasa, karatu kuwa bai tsaya ba. Bana ƙanwarsa ke shirin shiga Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari. Uban ya riga ya rubuta 1920 sau 1080 a 'yar takarda, ya sa a aljihu. Ku ma ku rubuta taku kafin ranar kasuwa.