Ɗakin Gobe-da-Nisa: Tsadarsa da Amfaninsa a Amurka

A manyan asibitoci akwai wani ɗaki da jama'a ke kira gobe-da-nisa, watau inda a ke kwantar da wanda ciwo ya kai shi gargara, ana duba shi dare da rana. Asalinsa daga ƙasar Denmak ne. A cikin 1952 shan-inna ta ɓarke a birnin Kofanhagan, mutane suna ta mutuwa don numfashi ya gagare su. Sai wani likita, Bjorn Ibsen, ya ba da shawara a huda maƙogwaron majinyaci a sa bututu, ɗalibai masu koyon likitanci su riƙa matsa jakar iska da hannu, ana karɓeɓeniya. Da haka aka ceci rayuka masu yawa, kuma a 1953 aka buɗe ɗaki na farko don irin wannan jinya.

To, mu duba yadda abin ya bunƙasa a Amurka. A shekarar 2000 gadajen irin wannan ɗaki wajen 88,000 ne, amma kafin 2010 sun kusa 104,000. Kuɗin da a ke kashewa a shekara ya tashi daga dala miliyan dubu 56 zuwa miliyan dubu 108. Kwana ɗaya tak a kan gadon, wanda dā ya ke cin dala 2,669, ya koma 4,300. Masu mutuwa kuwa sun ragu: daga 1988 zuwa 2012 an sami ragin wajen sulusi cikin waɗanda aka kwantar.

Mai karatu zai ce ai kuɗi ne suka yi aiki. Amma fa ba kuɗi kaɗai ba ne. A jihar Mishigan, daga 2004, Likita Peter Pronovost ya sa ɗakuna 103 su bi wasu ƙa'idodi biyar in za a sa wa majinyaci bututu a jijiya. Cikinsu akwai wanke hannu, da goge fata da magani, da cire bututun da zarar an gama bukatarsa. Aka kuma ba masu jinya iko su tsai da likita in ya tsallake ɗaya. Cikin wata 18 cutar da ke shiga jini ta wannan hanya ta ragu da wajen kashi 66 daga cikin ɗari.

Mu da mu ke horon malamai, da ku akawuna masu tsara kasafin kuɗi, akwai abin lura a nan. Gini da inji su ne ido ke gani, su ne kuma ke da daɗin rubutawa cikin rahoto. Amma inji ba ya wanke hannu, ba ya kwana a zaune yana lura da numfashin mara lafiya. Duk wanda zai ware kuɗin gado, to, ya fara ware na horon wanda zai tsaya a gefensa.