John McEnroe: Gwani Mai Zafin Rai

Idan aka ambaci John McEnroe, abin da ya fara faɗo wa masu sha'awar wasan tanis a rai shi ne tsawa da jefar da abin bugun ƙwallo da cacar baki da alƙalan wasa. Wannan suna da ya yi ya rufe wa mutane da yawa ido daga ganin irin gwanintarsa, wadda ita ce ya kamata a fara dubawa.

An haife shi a 1959 a Wiesbaden ta Jamus ta Yamma, inda mahaifinsa yake aikin sojan sama na Amurka, amma a New York ya tashi. A 1977, yana ɗan shekara 18, ya ratso ta wasannin share fage har ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Wimbledon ta Ingila.

Shi dai bahago ne, kuma ba da ƙarfin dantse ya dogara ba. Yakan juya wa raga baya wajen sakin ƙwallo, sa'an nan ya garzayo gaba ya tare ta tun ba ta taɓa ƙasa ba, ya ajiye ta a hankali inda abokin karawa ba zai cim mata ba. Abin mamaki, hannun da ya fi kowane laushi a fili na mutumin da ya fi kowa zafin rai ne.

Karonsa da Bjorn Borg na Suwidin, mutum mai sanyin hali ƙwarai, shi ya fito da shi sarari. A wasan ƙarshe na Wimbledon a 1980, McEnroe ya ci raba-gardamar zubi na huɗu da 18 da 16, amma Borg ya ɗauki kofi. Da shekara ta kewayo ya rama, ya katse wa Borg cin kofin da ya yi sau biyar a jere. Jimilla ya ci Wimbledon sau uku, babbar gasar Amurka sau huɗu.

A 1984 ya ci wasa 82, aka cinye shi a uku kacal. Ɗaya daga ukun nan shi ne wasan ƙarshe na gasar Faransa, inda ya ci zubi biyu na farko, ya ɓata rai a kan wata ƙara da ke fitowa daga na'urar mai ɗaukar hoto, Ivan Lendl kuwa ya farfaɗo ya kayar da shi. Masu cewa fushi ne makaminsa, a ganina, sai su dubi wannan rana. Bai taɓa cin kofin Faransa na 'yan ɗaiɗai ba. A 1990 kuma aka kore shi daga gasar Ostireliya ana tsakiyar wasa, saboda zagin jami'ai.