Hutun 'yan ƙetare a Yamai: kogi ne ke sa rana

A taron ƙungiyar 'yan gida, ko a unguwar Nima ta birnin Akara ake yinsa ko a wani ɗakin haya a Burasel, idan an gama lissafin adashe da kuɗin mai da gawa gida, maganar hutu ce ke biyo baya. A nan ne wani, galibi matashin da ya taɓa hawa jirgin 'yan yawon buɗe ido a Paris ko a kogin Nilu, zai kawo shawara: tunda bana a Yamai za mu haɗu, me zai hana mu ɗauki jirgi guda mu zaga kogi da yara? Kowa ya ce madalla. Sai a sa rana a watan Agusta, don lokacin ne makarantun Turai da Amurka ke hutu. Tun daga nan lissafi ya fara karkacewa.

Kogin Isa, wanda mutanen Najeriya ke kira Kwara, sau biyu yake cika a Yamai cikin shekara, kuma cikar biyu ba halinsu ɗaya ba. Ta farko a Agusta da Satumba take zuwa, lokacin da kogunan Gorouol da Dargol da Sirba suka kwaso ruwan damina daga wajen Burkina Faso suka juye a ciki. Ruwan ja ne jawur saboda laka, yana gudu, yana tafe da itace da yayi, kuma yakan tashi cikin dare ɗaya. Shi ne ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai a Satumban 2020, ya fasa shingen bakin kogi, ya cinye gidaje a tsallaken Harobanda. Babu mai hankalin da zai loda jikoki a kwale-kwale a irin wannan ruwa. Cika ta biyu kuwa daga duwatsun Gini take tasowa, ta yi watanni tana yawo a fadamun Mali, laka ta kwanta, kafin ta iso Yamai a Disamba da Janairu. Ruwa ne mai yawa amma a natse, ga sanyin hunturu, ga rana ba ta da zafi. Wannan ne lokacin. Wanda ya bari sai Mayu ko Yuni, rairayi zai tarar da shanu a tsakiyar kogi. A 1985 ma ruwan tsayawa ya yi cak a Yamai.

Ke nan hutun ƙarshen shekara, duk gajartarsa da tsadar tikitinsa, shi ya dace da kogi. Mazauna Gana da Kodebuwa da Togo sun fi samun sauƙin haka, don 'yan kasuwa ne mafi yawansu, su ke riƙe da lokacinsu. Mai aikin albashi a Hambug ko Niyok sai ya zaɓa: dogon hutun damina ba kogi, ko mako biyu na sanyi da kogi.

Abu na biyu da ya kamata a faɗa wa matashin nan tun a wurin taro: babu jirgi mai ɗakunan kwana da ke jiran kowa a Yamai. Abin da ake da shi kwale-kwalen katako ne, ƙanana na filafili da manya masu inji, wasu da rumfar tabarma. Ana samunsu a gangaren gadar Kennedy da bakin Gamkale, a yi ciniki baki da baki da mai jirgi. Yawon wuni ne, ko na yamma kawai. Sauran kwanakin a gari za a yi su.

Ga kuma abin da ya fi ci wa dattawa rai. Wanda ya bar ƙasar tun shekaru talatin, Ayorou yake tunawa: kasuwar Lahadi, kimanin kilomita 200 arewa maso yamma, inda jirage ke taruwa daga tsibirai, dorinai na huci a kusa. Daga wannan kasuwa ce ma samarin fim ɗin Jaguar na Jean Rouch suka tashi, su Damouré Zika da Lam da Illo, suka nufi Akara da Kumasi ci-rani a shekarun 1950, hanyar da kakannin yawancin 'yan zango suka bi. Dattijo yana so ya nuna wa jikansa inda tafiyar ta faro. Ba zai yiwu yanzu ba. Sassan jihar Tilaberi suna cikin dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma Yamai a tsakiyar jihar take, da ka fita iyakar birni ka shige ta. Gandun dajin W da ake gangarawa ta Say ya fita daga lissafi. Raƙuman dawan Kouré, kilomita 60 kacal daga gari, tun harin 9 ga Agusta 2020 da ya halaka Faransawa 6 da 'yan Nijar 2 ƙafa ta ɗauke daga can.

Abin da ya saura a hannu shi ne kogin da ke cikin birni, sai Boubon idan hali ya yi. Garin yana wajen kilomita 25 sama da Yamai, kasuwarsa Laraba, kuma matansa ne suka yi suna da ginin tukwane: randuna da tuluna masu zanen fari da ja, a jere a bakin ruwa ana loda su a jirgi. Ko nan ɗin ma, a tambayi mutanen gari da hukuma a makon tafiya, kada a dogara da labarin bara. A nan ne kuma takarda ke raba 'yan uwa. Uba yana da katin ɗan ƙasa, 'ya'yansa fasfon Beljiyam ko na Amurka kaɗai gare su. A idon jami'in da ke shingen hanya baƙi ne, suna buƙatar biza, kuma ƙa'idojin fitar baƙi daga Yamai sun yi tsauri. Wanda bai yi wa 'ya'yansa takardun ƙasa ba tun da wuri, a shingen farko zai gane kurensa.

Ni dai ban ga abin raini a yawon cikin birnin ba. Gadoji uku jirgi zai iya ratsa ƙarƙashinsu: ta Kennedy da aka buɗe a 1970, ta ƙawancen Sin da Nijar ta 2011, da ta Janar Seyni Kountché ta 2021. A tsakani akwai masu wanki da suka shanya zannuwa a kan ciyawa har ido ya gaji, majema na Gamkale, lambunan kabeji da latas, masunci a tsaye a bakin jirginsa yana wurga birgi. Yaron da aka haifa a Turai, wanda bai san Yamai ba sai ta gilashin mota daga gidan gwaggo zuwa gidan kawu, a nan zai fara tambaya da kansa. Matuƙan galibi Zarma ne bakinsu, amma suna jin Hausa, kuma sun fi kowane littafi sanin inda dutse yake a ƙarƙashin ruwa.

Masu zuwa ta mota daga Kwatano da Lome kuwa sun riga sun yi nasu hawan jirgin, ba don nishaɗi ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, fasinja suka koma sauka daga bas, su ɗauki kayansu a ka, su tsallaka a kwale-kwale, su hau wata motar a ƙetare. Hajiyar da ta sha wannan fito da akwatuna huɗu, kada a yi mamaki idan ta ce ita kam a bar ta a gida.

Zaman gari shi ya fi wuyar tsarawa, don ba a kuɗi kaɗai yake ba. Sauka a otel alhali gidan yaya na nan, abin magana ne da za a daɗe ana yi. Sauka a gidan kuma yana nufin ba ka da ikon lokacinka: gaisuwar mutuwar da aka yi ba ka nan, barkar haihuwa, suna, ɗaurin aure. Masu dabara sukan ba dangi kwanakin farko cur, sannan su ware kwana biyu na tawaga. Ɗaya na gidan tarihi na Boubou Hama, wanda ke nan tun 1959 da ƙasusuwan dabbobin da aka tono a Tenere da rumfunan maƙera da masaƙa, a wuce Babbar Kasuwa, a sayi kilishin tsaraba. Ɗaya na kogi.

Sai batun wa zai shiga. An lissafa mutum goma sha biyu daga ƙetare; ranar tafiya a ga ashirin da biyar a bakin ruwa, don ba wanda zai ce wa ɗan ƙanwarsa ya koma. Gara tun farko a lissafa da 'yan gida, a ɗauki jirgi biyu. Lodin wuce kima shi ke kifar da jirage a wannan kogi daga Mali har Kabi. Karo-karon ma kada a yi shi kai ɗaya. Jika guda ta sefa wajen yuro ɗaya da rabi ce kawai, don haka abin da mai albashin Turai zai zaro bai ji ba, mai cinikin sidi a Akara sai ya taɓa jari. A bar kowa ya sa gwargwadon ƙarfinsa a hannun mutum guda, shi kaɗai ya san wa ya ba da nawa.

Rigunan kariya na yara a sayo su daga can, a sa a akwati. Ba kowane jirgi ke da su ba, na manya ma ba lallai su isa ba. Kuma kada wani ya matsa wa matuƙi ya kusanci dorina don a samu hoto mai kyau. A Nuwamban 2014 dorina ta kifar da kwale-kwale a Liboré, dab da Yamai, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara. Idan mai jirgi ya ce nan za a tsaya, nan ɗin ne. A gama ciniki da shi tun jajibiri, da kuɗin mai a ciki, a tashi bayan la'asar sakaliya, a yi sharaɗi kowa na tudu kafin kiran magariba.