Wasan labari na kan tebur: yadda jagora ke gano abin da ƴan wasansa ba sa faɗa masa

Abokai biyar suna haɗuwa duk yammacin Asabar a gidan ɗayansu, su kewaye tebur, su ɗora daga inda labarinsu ya tsaya a makon jiya. Wata shida ke nan suna haka. Ran nan ɗaya ya aiko da saƙo cewa aiki ya riƙe shi. Mako na gaba wani ya ce baƙi ya yi. Kafin wata ya zagayo zaman ya mutu, ba a yi faɗa ba, ba kuma wanda ya ce an ɓata masa rai. Masu wasan labari na kan tebur, wanda ake kira jeu de rôle da Faransanci, sun sha ganin irin wannan a Amurka da Turai. Shi ya sa suka ƙirƙiro dabarun jin ta bakin ƴan wasa tun kafin kujeru su fara zama wayam.

Yadda wasan yake

A wannan wasa babu wanda ya ci, babu wanda aka cinye. Mutum ɗaya ne jagora, wato maître du jeu. Shi ke bayyana duniyar da labarin ke gudana a ciki, da garuruwanta da sarakunanta da ƴan fashinta. Kowane ɗan wasa kuma yana riƙe da jarumi guda, wanda aka rubuta ƙarfinsa da wayonsa da kayan aikinsa a takarda. Jagora zai ce, alal misali, an iso bakin kogi an tarar gada ta karye. Ɗan wasa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi. In akwai shakka ko zai yi nasara, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo. A wasan Dungeons & Dragons, wadda aka fi jefawa tana da fuska 20.

Zama ɗaya yakan ɗauki awa uku zuwa huɗu. In aka jera zama da yawa a kan labari guda, da jarumai iri ɗaya, shi ne ake kira campagne, doguwar tafiya da kan ci watanni, wani lokaci ma shekaru.

Dungeons & Dragons shi ne na farko da aka buga don sayarwa. Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara shi, kamfanin TSR na garin Lake Geneva da ke jihar Wisconsin ya fitar da kwafi 1,000 na farko a 1974. Kafin nan Gygax ya gwada shi da ƴaƴansa da abokansa, yana gyara dokokin bisa abin da ya gani a tebur. Wasan ya samu karɓuwa a Faransa da wuri, inda mujallar Casus Belli ta fara fitowa a 1980.

Mai tatsuniya ya san ƙarshen labarinsa tun kafin ya buɗe baki. Jagoran wasa bai sani ba, domin rabin labarin yana hannun waɗanda ke zaune a gabansa. In bai san abin da suke so ba, yana shirya abincin da ba za a ci ba ne.

Me ya sa ba a faɗa masa gaskiya

Tambayar da sabon jagora ya fi yi a ƙarshen zama ita ce ko an ji daɗi. Amsar da ya fi samu kuma ita ce an ji. Dalilin bai da wuyar ganewa. Jagoran aboki ne, sau da yawa shi ne mai masaukin, kuma kowa ya san ya kwana yana zana taswira da tsara abokan gaba ba tare da an biya shi ko sisi ba. Da wuya mutum ya dubi idon wanda ya yi masa wannan hidima ya ce ya gaji da labarinsa. Ga kuma sauran abokai suna saurare. In matsalar ɗaya daga cikinsu ce, wanda ya cika katse mutane ko ya mamaye magana, sai abin ya ƙara nauyi a baki.

Akwai kuma wanda shi kansa bai san abin da ke damunsa ba. Ya dai lura cewa ɗokin da yake yi ranar Asabar ya ragu. Irin wannan ba zai taɓa kawo kuka da kansa ba, sai an yi masa tambayar da za ta taimake shi ya gano.

Kafin a jefa ƙwaya ta farko

Dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce zaman sifili, wato zama guda da ake yi kafin na ɗaya, ba a wasa a cikinsa, magana kawai ake yi. A nan ake daidaitawa kan irin labarin da ake so: na yaƙi, na binciken sirri, na siyasar fada, ko na ban tsoro irin na L'Appel de Cthulhu, wanda ya yi farin jini a Faransa. A nan ake tsayar da ranar haɗuwa da abin da za a yi in wani bai zo ba. A nan kuma ake yanke ko jarumi zai iya mutuwa, domin akwai wanda ya ɗauki mutuwar jaruminsa a matsayin gishirin wasa, akwai wanda zai bar teburin saboda ita.

Al'adar ta faro ne daga teburan ƴan wasa, daga baya kamfanoni suka ɗauka. Littafin Tasha's Cauldron of Everything, wanda aka fitar don Dungeons & Dragons a 2020, ya ware sashe guda kan wannan zama.

A zaman sifili ne kuma ake shata iyaka. A 2003 mai tsara wasanni Ron Edwards ya gabatar da hanyar da ta raba abubuwa masu nauyi gida biyu. Akwai layi, wato abin da ba zai shigo labarin ba sam, kamar cin zarafin yara. Akwai labule, wato abin da zai iya faruwa amma ba za a bayyana shi dalla-dalla ba, a ambata a wuce. John Stavropoulos kuma ya fito da katin X: takarda ce mai alamar X a tsakiyar tebur, duk wanda labari ya kai inda ba zai iya ɗauka ba sai ya taɓa ta, jagora ya canza hanya ba tare da ya nemi dalili ba. Amfaninta shi ne mutum ya nuna damuwarsa ba sai ya tona cikinsa a gaban jama'a ba.

Minti goma a ƙarshen kowane zama

Abin da aka amince da shi a ranar farko yana canzawa. Wanda ya ce yaƙi yake so zai iya ganewa bayan wata biyu cewa hira da mutanen gari ta fi burge shi. Don haka tambaya sau ɗaya ba ta isa.

Wata hanya mai sauƙi, wadda Lu Quade ya yaɗa, ana kiranta taurari da buri. In an tashi, kowa zai ba da tauraro, wato ya ambaci abu guda da ya burge shi a zaman yau, ko daga jagora ko daga wani ɗan wasa. Sannan ya faɗi burinsa, abin da yake son gani a zama na gaba. Hikimar tana cikin yadda aka juya kuka ya zama fata. Wanda ba zai iya cewa yaƙin yau ya yi tsawo har ya gundure shi ba, zai iya cewa yana fatan a mako mai zuwa a samu lokacin shiga kasuwar garin. Saƙon ɗaya ne, kuma ba wanda ya ji kunya. Jagora mai lura zai ga cewa in mutum uku suka yi buri iri ɗaya, akwai abin da ya rasa a shirinsa. In kuma wani ɓangare da ya sha wahalar shiryawa bai samu tauraro ko ɗaya ba, shiru ma magana ce.

Tambayar da ke kawo amsa

Ƙwararrun jagorori suna guje wa tambayar da za a amsa da e ko a'a. Suna tambayar wane lokaci ne a zaman yau ya fi saurin wucewa, wane ne kuma ya fi jan ƙafa. Suna tambayar wane mutum a cikin labarin ɗan wasa ke son sake haɗuwa da shi, ko me jaruminsa ke nema wanda har yanzu bai samu damar bi ba. Irin waɗannan tambayoyi sun shafi labarin ne, ba mutuncin jagora ba, shi ya sa baki ke buɗewa.

Wasu batutuwan kuma ba na tebur ba ne. In ana zargin akwai saɓani tsakanin ƴan wasa biyu, saƙon waya ga kowa shi kaɗai, kwana ɗaya ko biyu bayan zaman, ya fi tambaya a bainar jama'a. Wasu jagororin suna aika gajerar takardar tambayoyi ta intanet duk bayan zama biyar ko shida, ba tare da an sa suna ba. Sai dai a rukunin mutum huɗu ɓoye suna bai da ƙarfi, kowa ya san salon rubutun kowa, don haka bai kamata a yi alkawarin sirrin da ba za a iya cikawa ba.

Ido ma yana tattara bayani. Wanda ya ɗauki wayarsa duk lokacin da aka fara yaƙi, ya ajiye ta da zarar an shiga fada gaban sarki, ya riga ya ba da amsa. A 2002 marubuci ɗan ƙasar Kanada Robin Laws ya fitar da ɗan littafi kan jagorancin wasa, inda ya kasa ƴan wasa gida-gida: mai son jaruminsa ya yi ƙarfi, mai son faɗa, mai son tsara dabara, mai son shiga rigar jaruminsa kamar ɗan fim, mai bin zaren labari, da wanda zama da abokai kawai ya kawo shi. Darasin shi ne mai shiru ba lallai ne ya gaji ba. Wani yana jin daɗinsa a haka, kuma tilasta masa magana zai iya korar sa.

Bayan an ji

Nan ne jagorori da yawa ke tuntuɓe. Wanda aka gaya wa cewa labarinsa ya yi sanyi, ya shiga kare kansa yana bayyana dalilai, ya koya wa teburin cewa gaskiya tana jawo gardama, kuma ba za a sake gaya masa ba. Abin da ya fi shi ne ya yi godiya, ya rubuta, ya bari ya kwana. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ba kowace shawara ake bi yadda ta zo ba. Ɗan wasa ya fi iya nuna inda ke masa ciwo a kan rubuta magani. In ya ce a rage ƙarfin abokan gaba, mai yiwuwa abin da ke damunsa shi ne jaruminsa bai taɓa yin abin a zo a gani ba, kuma maganin shi ne a ba shi fagen da gwanintarsa za ta yi aiki. In buƙatu suka ci karo, ɗaya na son yaƙi ɗaya na son hira, sai a raba lokaci, a kuma faɗa musu a fili cewa rabawa ake yi. Wani lokacin kuma amsar ita ce wannan tebur bai dace da wannan mutum ba, kuma rabuwa cikin mutunci ta fi ɓacewa a hankali.

Mafi muhimmanci shi ne a ga canji. In wani ya yi burin sake ganin ɗan kasuwar da suka haɗu da shi a zama na uku, ya kuma gan shi ya bayyana a mako na gaba, ya san maganarsa tana da nauyi. Jagora ma ɗan wasa ne, yana da damar faɗin nasa burin, ko na a riƙa zuwa a kan lokaci, ko na wani ya karɓe shi jagoranci na ɗan lokaci in ya gaji.

Kamfanoni ma sun ɗanɗana

Abin da ke faruwa a tebur ya faru da masu buga wasan. Bugu na huɗu na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2008, ya raba kan masoya, da yawa suka koma Pathfinder na kamfanin Paizo, wanda ya bar jama'a su gwada dokokinsa kafin ya fitar da shi a 2009. Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya ɗauki darasi. Daga 2012 zuwa 2013 ya riƙa sakin dokoki na gwaji tare da takardun tambayoyi, sama da mutum 175,000 suka shiga, kuma da wannan aka gina bugu na biyar na 2014.

A Janairun 2023 kamfanin ya sake tuntuɓe, lokacin da ya nemi canza lasisin da tun 2000 ya ba ƙananan mawallafa damar amfani da dokokin wasan. Masoya suka fara soke rajistarsu a shafin D&D Beyond. Kamfanin ya buɗe tambayoyi, sama da mutum 15,000 suka amsa, kashi 88 cikin 100 suka ce ba za su wallafa komai a ƙarƙashin sabon lasisin ba. A ranar 27 ga watan ya janye shirin, ya kuma saki ginshiƙin dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons.

Kamfanin ya tambaya ne bayan mutane sun fara tafiya, kuma yana da dubban masu saye da za su jira shi ya gyara. Jagoran da ke da ƴan wasa huɗu ba shi da wannan rata. In biyu suka daina zuwa, labarin ya ƙare.